Amosanin Gaɓɓai Ya Raba Ni da Gudu: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ciwon Gwiwa da Ƙuncin da Ke Biyo Bayansa

Shekara goma sha ɗaya na yi ina fita gudu bayan sallar asuba, ranar Lahadi kuma in buga ƙwallo da tsofaffin abokan makaranta, kafin gwiwata ta dama ta ce ta gaji. Tun daga lokacin nake haɗuwa da masu irin lalurata a layin ganin likitan ƙashi, a ɗakin gashin ƙashi, wani sa'in a bakin filin da muka saba zagayawa. Tambayoyinmu kusan iri ɗaya ne, kuma fiye da rabinsu kan zuciya ne, ba kan gwiwar ba. Su na tattara a nan. Ni ba likita ba ne. Duk abin da ya shafi magani da gwaji, maganar likitanka tana gaba da tawa.

Mene ne amosanin gaɓɓai? Duk ciwon gwiwa shi ne?

A'a. Cututtuka da yawa ne muke kira da suna ɗaya, wasu ma su ce sanyin ƙashi. Wanda ya fi addabar masu gudu da 'yan ƙwallo shi ne na zaizaya. Guringuntsin da ke lulluɓe da kan ƙashi a cikin gaɓa, farin nan mai santsi da kake gani a kan ƙashin cinyar kaza, shi ke sirancewa. Ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya yi kauri ya fitar da 'yan tsiro a gefe, gaɓar ta riƙa kumbura jifa-jifa. Alamarsa ciwo bayan an yi aiki da ƙafar, sandarewa da safe wadda ba ta cika wuce rabin awa ba, da ƙaras-ƙaras wajen hawa bene. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 kimanin mutum miliyan 528 ne ke da shi, miliyan 365 a gwiwa, kuma kashi 60 cikin ɗari mata ne.

Akwai kuma rumatoyid, inda garkuwar jiki ke juyowa ta far wa gaɓoɓi. Shi ya fi fara wa ƙananan gaɓoɓin hannu da ƙafa, dama da hagu a tare, sandarewar safe ta kai awa guda ko fiye, ga gajiya mai nauyi. Yana kama matasa, musamman mata, kuma yana da magungunan da ke taka masa birki in an fara da wuri, don haka jinkiri a kansa asara ce. Gawut shi ne mai tashin mutum cikin dare da babban yatsan ƙafa jawur, ko zanen gado ba ya so ya taɓa. Masu sikila kuwa sukan yi fama da ƙugu saboda jini ya kasa isa kan ƙashin cinya. Maganin kowanne daban, shi ya sa sai an duba ka.

Gudun da na yi shekara da shekaru ne ya cinye mini gwiwa?

Kowa zai gaya maka haka, tun daga mai shayi har surukinka. Alƙaluma ba su goyi bayansu ba. A 2017 an tattara bincike-bincike da suka shafi sama da mutum dubu ɗari, aka samu amosanin gwiwa ko ƙugu a kashi 3.5 na masu gudun nishaɗi, kashi 10.2 na masu zaman dirshan, da kashi 13.3 na manyan 'yan tsere masu gasa. Wannan bai tabbatar da cewa gudu riga-kafi ne ba, amma ya isa ka daina yi wa kanka shari'a da dare.

Abubuwan da aka tabbatar suna jawo shi: shekaru, gado, ƙiba, aikin da ke da yawan tsugunno da ɗaukar kaya, sai tsohon rauni a cikin gwiwa. Wannan na ƙarshen shi ne labarin yawancin 'yan ƙwallo. Ni ina ɗan shekara ashirin da biyu aka kwashe ni a wani filin jar ƙasa mai tauri kamar daɓe, gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya, mai ɗori ya ja ya ɗaure, bayan sati uku na koma fili. Likita ya ce mai yiwuwa tun ranar aka fara bin bashin da nake biya yanzu. Yaron nan bai san abin da na sani yau ba, na daina jin haushinsa.

Ƙafa ce ke ciwo, me ya sa duk raina ya ɓaci, ba na jin daɗin komai?

Wannan ce tambayar da mutane suka fi jin nauyin yi, sai hira ta yi nisa take fitowa. Wani ya ce tun da ya daina fita da safe yake daka wa yara tsawa kan abin da bai kai ya kawo ba. Wata ta ce in ta hango masu gudu a titi tana cikin adaidaita, sai ta kau da kai don kada a ga hawayenta. Akwai dalili a jiki: motsa jiki mai ƙarfi yana sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadaran da ke rage raɗaɗi da sanyaya rai, yana kuma gyara barci. Jikin da ya saba da haka, in aka yanke masa lokaci guda, cikin sati ɗaya zuwa biyu za ka ga kasala da saurin fushi da barci rabi da rabi. Ciwon ma kansa yana hana barci, rashin barci kuma yana ƙara wa ciwo kaifi washegari.

Amma a ganina babban abin ya wuce sinadari. Gudun nan dami ne. A cikinsa akwai awa gudan da babu mai kiranka a waya. Akwai iskar asuba kafin ababen hawa su cika titi, da mutanen da kuke zagaye tare kuna tsokanar juna, da ƙosai mai zafi bayan an tashi. Nan kake sauke takaicin ofis ko na kasuwa. Nan ma ka samo sunan da unguwa ta san ka da shi, "Alhaji mai tirenin". Da gwiwa ta tsinke igiyar, damin ya watse, sai ka ga kamar komai ya tafi.

Ɗauki takarda ka rubuta abin da gudun ke ba ka, ɗaya bayan ɗaya. Da na rubuta nawa abu shida na samu, kuma guda ɗaya tak ne yake buƙatar ƙafafuna biyu su bar ƙasa. Sauran biyar ɗin na tsinto su a hankali ta wasu hanyoyin, kamar yadda za ka gani a amsar keke da iyo da kuma ta abokan fili. Na shidan har yau ina kewarsa, ba zan yi maka ƙarya ba.

Nuna damuwa kan wannan ba rashin tawakkali ba ne? Ga waɗanda ko tashi ba sa iya yi.

Annabi Yaƙub ya ce zai yi kyakkyawan haƙuri, kuma idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf. Alƙur'ani ya kawo duka biyun a sura ɗaya. Annabi Ayuba, wanda ake buga misali da haƙurinsa, ya faɗa wa Ubangijinsa cewa cuta ta shafe shi. Jin zafin rashi bai kore godiya ba. Tunawa da waɗanda suka fi ka shiga wani hali yana da amfani ranar da kai ka tuna da kanka. In wani ne ya jefo maka shi don ya rufe maka baki, sai ya ƙara maka kunya a kan ciwo.

Maza sun fi shan wahala a nan, saboda tun muna yara ake ce mana namiji ba ya raki. Gabriel Batistuta, ɗan wasan gaban Ajantina da Fiorentina, ya faɗa da bakinsa cewa bayan ya yi ritaya ciwon idon sawu ya kai shi ga roƙon likita ya yanke masa ƙafafu. Marco van Basten ya ci kyautar Ballon d'Or sau uku, idon sawu ya sa ya ajiye ƙwallo a 1995 yana ɗan shekara 30. Babu mai ce wa waɗannan ragwaye.

A gida an ce in zauna in huta, kada in ƙarasa gwiwar. Haka ne?

Hutun kwana biyu ko uku lokacin da gaɓa ta kumbura daidai ne. Hutun wata da watanni shi ke ƙarasa mutum. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini. Daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa, kuma sai an motsa an taka ruwan ke shiga yana fita, kamar soso. Tsokar gaban cinya ita ke ɗauke wa gwiwa nauyi, kuma ita ce farkon mai zubewa in an kwanta. Sai ka tashi bayan wata biyu gwiwar ta fi da ciwo, ka ce ka ga abin da ake faɗa, ka koma ka zauna. Shi ya sa ƙa'idojin likitoci ke sa motsa jiki a sahun farko na maganin amosanin zaizaya, kafin ƙwaya, kafin allura, kafin tiyata.

Maganar "ruwan gwiwarka ya ƙone" da "ƙashi na gugar ƙashi" tana tsorata mutane fiye da kima. Hoton ƙashi da ciwo ba koyaushe suke tafiya tare ba: akwai mai hoto mummuna yana yawonsa, akwai mai hoto da dama-dama yana ɗingishi. Nemi a tura ka sashen gashi, wurin likitocin fisiyo, su tsara maka atisayen cinya da ƙugu daidai da kai.

To na rabu da gudu ke nan har abada?

Ba lallai ba. Masu amosanin zaizaya da bai yi nisa ba da yawa suna ci gaba da gudu, sai dai ba irin na da ba. Abin da aka saba gwadawa, bayan an yi sati shida zuwa takwas ana ƙarfafa cinya: gudu minti ɗaya, tafiya minti biyu, a maimaita na kwata ɗin awa, gajeren taku, ƙasa mai laushi ko ciyawa maimakon kwalta, a guji gangara, a riƙa tsallake rana. In gwiwa ta karɓa, a ƙara kaɗan bayan sati ɗaya ko biyu. Ma'aunin yana cikin amsa ta gaba.

Wasu kuma gwiwarsu ba za ta karɓa ba, ni ina cikinsu. Na gwada sau uku, kowane karo sai ta cika da ruwa. Abin mamaki, ranar da na haƙura na fi samun sauƙi a rai fiye da watannin da na yi ina "wataƙila sati mai zuwa". Ka ba gwajin wa'adi, misali wata uku, kai da likitanka, domin zaman jiran tsammani yana cin rai fiye da amsar a'a.

Yaya zan gane ciwon da zan daure da wanda dole in tsaya?

Likitocin gashi suna da ma'auni mai sauƙi. Ka ba ciwon maki daga 0 zuwa 10. In yana 5 ko ƙasa da haka lokacin motsa jiki, kuma ya koma yadda ya saba cikin awa 24, ba ka yi ɓarna ba. In ya wuce haka, ko ka tashi washegari da kumburi ko ɗingishi, ka yi yawa: rage tsawon lokaci ko nauyi, kada ka daina gaba ɗaya. Amfanin ma'aunin ga zuciya ya fi amfaninsa ga gwiwa, don yana raba ka da fargabar da ke sa ka ɗauki kowane tsunkuli a matsayin sabuwar lalacewa.

Waɗannan kuwa ba na dauriya ba ne: gaɓa ta kumbura ta yi zafi da ja tare da zazzaɓi, wannan asibiti a ranar, don ƙwayar cuta na iya lalata gaɓa cikin kwanaki; sai kuma in gwiwa ta maƙale ta ƙi miƙewa, ko ta riƙa sulluɓewa kana faɗuwa.

Na gwada keke da iyo, ba su ba ni daɗin da gudu ke ba ni. Ɓata lokaci nake yi?

Gaskiyarka, ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya ce maka "ai duk motsa jiki ne" bai taɓa gudu ba. Kuskuren da na yi shi ne auna wata na farko a kan keke da shekarata ta goma a gudu. Na manta yadda farkon gudun ya kasance, haki da ciwon gefen ciki da rantsuwar ba zan ƙara ba. Ka ba sabon abu wata biyu zuwa uku kafin ka yanke masa hukunci.

Koma ga takardar da muka yi magana a kanta a sama. In iskar waje da ganin gari kake kewa, keken girke a ɗaki ba zai yi maka ba, keken hawa kake buƙata, ka ɗaga sirdin yadda gwiwa za ta kusa miƙewa in feda ta sauka. In gumi da haki kake nema, keken girke da sauri na minti ɗaya, sassauci na minti biyu, zai jiƙa maka riga. In lissafi ne, ganin lamba tana hauhawa, ɗaga nauyi ya fi komai ba da wannan. Iyo yana da kyau ƙwarai, sai dai mu faɗi gaskiya: wurin iyo mai tsabta a garuruwanmu sai otal ko kulob, da tsada, ga mata kuma samun wurin da babu cakuɗa wani aiki ne. Tafiya da sauri ba ta buƙatar ko sisi. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so ga baligi shi ne minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, da atisayen tsoka kwana biyu, kuma ana iya tara su minti goma-goma.

Ledley King, tsohon kyaftin ɗin Tottenham, ya yi shekaru gwiwarsa ba ta barinsa yin tirenin da abokan wasa. A ruwa da ɗakin motsa jiki yake shiri shi kaɗai, ranar wasa ya fito ya tare manyan 'yan gaba, har ya yi ritaya a 2012.

In ci gaba da zuwa fili wurin abokai, ko in ƙaurace? Ganinsu na sosa mini rai.

Watannin farko na toshe sanarwar zaurenmu na WhatsApp, don duk Asabar sai an turo hoton agogo da kilomita. Ba laifi ba ne, ka toshe in kana buƙata, amma kada ka fita. Hassadar da kake ji ba ta mai da kai mugu ba, kewa ce ta sa wata riga.

Daga baya na koma, kuma abin da ya taimaka shi ne zuwa da aiki a hannu. Zama a benci kana kallo shi ne azaba. Riƙe usur a wasan Lahadi, kama musu lokaci, bin su da keke da jarkar ruwa, koya wa yara: duk waɗannan suna mai da kai cikin da'irar. Duk wanda ya je Murtala Square a Kaduna ko filin Sani Abacha a Ƙofar Mata da safiyar Asabar ya san masu tafiya ba su fi masu gudu ƙaranci ba. Ranar da na fara zagaye da ƙafa, mutum biyu daga cikin 'yan gudunmu suka dawo gefena, ashe su ma sun daɗe suna ɓoye tasu gwiwar.

Shekarata 34, ina da rumatoyid. Maigida da dangi na ganin lafiyata ƙalau, son jiki ne. Me zan ce musu?

Ciwon da ba ya jini yana da wuyar samun shaida. Jiya an gan ki kina shara, yau kin ce ba ki iya murɗa marfin kwalba, sai a fara kallon-kallo. Haka cutar take, tana tashi tana kwanciya, kuma gajiyarta ba irin wadda barci ke kawarwa ba ce. Abin da na ga ya fi aiki shi ne ki tafi da maigida wurin likita sau ɗaya, ya ji da kunnensa, ya ga takardar gwajin jini. Sannan ki riƙa faɗin abu takamaimai. "Ba ni da lafiya" ba ta gaya wa kowa abin da zai yi. "Yau hannuna ba zai iya tuƙa tuwo ko matse wanki ba, amma zan iya yanka kayan miya a zaune" tana gaya musu.

Caroline Wozniacki ta ci gasar tanis ta Ostireliya a farkon 2018, a shekarar kuma aka gano tana da wannan cutar tana 'yar shekara 28. Wanda ya ce ciwon tsofaffi ne ko na malalata, ki ba shi labarinta. In ana ba ki metotireksat, ɗaya daga cikin magungunan rumatoyid, ki tuna sau ɗaya a sati ake shansa, kuma ba a ɗaukar ciki a kansa. Ki yi maganar haihuwa da likita tun da wuri.

Ba na iya sujada da zaman tahiya. Kunyar ɗaukar kujera a masallaci nake ji.

Wannan ta fi rashin gudun ciwo ga mutane da yawa, ni ma haka. Hukuncin a fili yake: Imrana ɗan Husaini ya kai wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kukan lalurarsa, ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Buhari ya ruwaito. Abin da kake iyawa ka yi shi yadda yake, wanda ba ka iyawa ka zauna ka yi nuni. Malaminku zai fayyace maka inda ake ajiye kujera a sahu.

Hukunci daban, zuciya daban. Juma'ar farko da na shiga da kujerar roba, ji nake kowa ni yake kallo, ga ni a gefen dattawa masu furfura, ga goshina ya saba da taɓa ƙasa. Bayan sallama wani tsoho ya dafa ni ya ce, "Ɗana, gwiwa ce? Allah ya sa kaffara." Shi ke nan. Babu wanda ya ƙara tanka mini. Haka batun banɗaki: masai na tsugunno yana gallaza wa gwiwa, kujerar da aka huda ko ƙarfen dafawa a bango ba abin kunya ba ne.

Tun da na daina gudu tumbi ke fitowa, ba na son ganin kaina a madubi.

Cin mai gudu ya rage, gudun ya tafi, ga kuma ci don huce haushi. Labari mai daɗi a nan shi ne lissafin yana gefenka: kowane kilo ɗaya da ka sauke yana rage wa gwiwa kimanin kilo huɗu a kowane taku, kuma sauke kashi 5 zuwa 10 na nauyin jiki yakan kawo sauƙin da za ka ji. Fara da abin sha, lemon kwalba da sukarin shayi, sai malmalar tuwon dare. Kada ka sa wa kanka yunwa don horo, tsokar da kake son ginawa tana buƙatar wake da ƙwai da kifi.

Ina shan ƙwaya kafin wasa don in iya bugawa. Akwai matsala?

Akwai. Diklofenak da ibufurofen da Feldene suna aiki, amma shan su kullum yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, yana ɗaga hawan jini, balle a sha a shiga rana a yi gumi. Haɗin da ake ƙullawa a leda a wasu kemis ya fi haɗari, don sau da yawa akwai deksa ko firedinisolon a ciki: kwana biyu ka ji kamar an sake ka, bayan watanni fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni. Tiramol kuwa ya kama mutane da yawa da suka fara shi da sunan ciwo. Garin neman gira kada a rasa ido. Maganin ciwo na shafawa a gwiwa ya fi ƙwaya sauƙin illa, tambayi likita.

Ƙaho da tsaga a kan gaɓa ba sa mayar da guringuntsi, kuma suna iya shigar da ƙwayar cuta. In ka lura kana shan ƙwayar ne don rai ya yi sanyi ba don gwiwa ba, karanta amsa ta gaba.

Yaushe ɓacin rai ke zama cutar da sai an ga likita?

Baƙin ciki na yau da kullum yana zuwa yana tafiya, ana yi maka barkwanci ka yi dariya. In kuwa ka kai sati biyu kusan kullum rai a dagule, abin da ka saba so ya fita daga ranka, barci ko cin abinci ya rikice, kana ganin ba ka da amfani, ka daina zuwa majalisa da sabgogin dangi, wannan ciwon damuwa ne, kuma ya fi yawa a masu ciwo mai daɗewa. Yana da magani, na hira da ƙwararre da na sha, kuma in an magance shi ciwon gaɓar ma yakan ragu.

Ka fara faɗa wa likitan da ke duba gwiwarka. Asibitocin koyarwa suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ga asibitocin Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, da Dawanau a Kano. Zuwa can ba hauka ba ne. In tunanin gara mutuwa ko cutar da kanka ya fara zuwa maka, kada ka kwana da shi kai kaɗai: faɗa wa wanda ka yarda da shi yau, ku tafi asibiti tare.

Ina samun sauƙi, sai hunturu ya zo ko ciwon ya tashi, in koma gidan jiya.

Sanyi ba ya haifar da amosani, amma mutane da yawa sun fi jin sandarewa a cikinsa. Gasa gwiwa da tawul mai ɗumi kafin ka motsa, ka jinkirta fita sai rana ta ɗaga. In ta kumbura da zafi, ƙanƙara a cikin tsumma na minti goma sha biyar. Ka tanadi shirin ranar tsiya tun kana lafiya: atisaye biyu da ake yi a kwance, tafiya zuwa bakin layi, mutum ɗaya da za ka kira. Wajen hawa bene ƙafa mai lafiya ce gaba, wajen sauka mai ciwon. Sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren ake riƙe ta. Tarkon da ya fi kama tsofaffin 'yan gudu shi ne ranar sauƙi: ka rama duk abin da ya wuce ka, ka kwanta kwana huɗu.

In aka canza mini gwiwa zan koma gudu?

Ana canza gwiwa ne don ciwon da ya hana barci da tafiya bayan sauran hanyoyi sun gaza, kuma a wannan fannin tana aiki sosai. Wani babban nazari na 2019 ya nuna kimanin kashi 82 na gwiwoyin da aka canza suna kai shekara 25. Ana yi a gida Najeriya, har da asibitin ƙashi na Dala a Kano, sai dai kuɗin ba kaɗan ba ne. Yawancin likitoci suna ƙarfafa tafiya da keke da iyo bayanta, ba sa son gudu da ƙwallo, kuma durƙuso yakan ci gaba da yi wa mutane da yawa wuya, don haka ka tambayi batun sujada kafin ka sa hannu. Za a kawo maka misalin ɗan wasan tanis Andy Murray, wanda aka sa wa ƙarfe a ƙugu a Janairun 2019 ya ci kofi a Antwerp a Oktoba. Ƙugu ne nasa, tiyata ce ta daban, ga tawagar likitoci a bayansa.

Kambas ɗina da rigunan gudu fa, in bayar ko in ajiye?

Babu gaggawa. Nawa sun yi shekara guda a bayan ƙofa, matata tana share ƙarƙashinsu tana mayarwa ba ta ce komai ba. Rigunan na raba wa yaran da nake kama wa lokaci ranar Asabar. Kambas ɗin na wanke, da su nake tafiyar asuba yanzu, zagaye huɗu in gwiwa ta yarda, biyu in ta ƙi.